Wutar da Yaya Yake Kunnawa

Shekarar da yayana ya samu shanyewar ɓarin jiki, ina zaune a Rusholme cikin Manchester, shi kuma yana Handsworth a Birmingham, a gidan da ya fi shekara ashirin a ciki. Kowace Asabar nakan hau bas ɗin safe in je in gan shi, in dawo a na yamma. Tafiyar awa biyu da rabi ce in hanya ta yi kyau, kuma ba kasafai take kyau ba. Nakan isa da ciwon baya, kular abinci a kan cinya.

Lokacin ne gwamnati take ta maganar tsuke bakin aljihu. Na san wannan lafazi tun ina karanta labarai a gidan rediyo a gida. Na faɗe shi ba adadi game da ƙasashen mutane, da muryar da aka koya mana, wadda ba ta hawa ba ta sauka. A Ingila na ga yadda yake in ya sauko unguwa. An rufe zauren da tsofaffin layin su Yaya suke wuni a ciki. Laburaren kusa da su ya koma buɗewa rabin mako. Mai koyar da magana da asibiti ya turo masa ta zo sau shida, ta ce iyakar abin da aka ba ta ke nan, ta ba mu haƙuri tana sa takalmi a bakin ƙofa.

Ciwon ya raunana hannunsa na dama da ƙafar, amma babban abin da ya tafi da shi Turanci ne. Mutumin da ya yi shekara talatin yana aikin injiniyan lantarki a ƙasar nan, yana rubuta rahotanni, yana gardama da Turawa a wurin taro, ya farka a gadon asibiti da Hausa kaɗai a bakinsa. In an yi masa Turanci yana gane yawancinsa. In ya zo mayarwa sai kalmomin su tsaya masa a wuya. Hausar kuwa ta dawo a hankali amma cikakkiya, irin ta gidan mahaifinmu, har da kalmomin da rabona da jin su tun ina firamare.

Matarsa ta rasu shekara huɗu kafin wannan. 'Ya ɗaya gare su, akanta ce, mai aikin lissafin kuɗi, tana zaune da mijinta da jaririyarsu a wani fulat mai ɗaki biyu a hawa na tara a Ladywood. Sunan mahaifiyarmu ta ci, saboda haka Yaya ba ya kiran sunanta, Mamana yake ce mata. A Birmingham aka haife ta. Hausarta ta gaisuwa ce da ta kicin, sai ta shan faɗa.

Abin da Yaya yake so ɗaya ne, ya ci gaba da zama a gidansa. Hakan ba zai yiwu ba sai da masu zuwa safe da yamma su taimaka masa da wanka da magani, kuma ofishin kula da tsofaffi na kansul ne yake turo su, bayan ya aiko ma'aikaci ya duba mutumin da gidan. In ofishin ya ga akwai haɗari a zaman kaɗaici, sai ya ba da shawarar gidan tsofaffi. Ba wanda zai ɗauke shi da ƙarfi. Amma in ba masu zuwa, ba zama. Babu inda za a sa shi a hawa na tara, ni kuma ɗaki ɗaya gare ni a saman wani gidan abinci. Tun bazara muke jiran ranar dubawar.

Kafin ta daina zuwa, mai koyar da maganar ta ce mu riƙa sa shi dogon bayani a kan abin da ya fi sani. Wannan ba sai an nema ba. A ɗakin baya na gidan akwai kanta uku cike da tsofaffin ƙwayayen fitilar lantarki, waɗanda ya yi shekaru yana tsinta a kasuwannin gwanjo na ranar Lahadi da masana'antun da suke rufewa. Wasu dogaye, wasu kamar ƙaramar gwanda, kusan kowanne da ɗan tsini a kansa. Ya haɗa wani allo da hannunsa, da soket da wani maɓalli da ake murzawa, yadda lantarkin zai shiga ƙwan kaɗan kaɗan. Na fara zuwa da ƙaramar rikodata, in ajiye ta a kan tebur tsakaninmu, in yi masa tambayoyi kamar baƙon shiri.

Ranar farko na ɗaga ɗaya, na nuna baƙin abin da ya lanƙwashe a ciki kamar madauki. Da fitilar ƙwai muka yi karatu a gidanmu, kuma aikina ne kowace yamma in wanke gilashin in datse lagwani, don haka kalmar da ta zo bakina ke nan.

"Yaya, wannan lagwanin..."

"Ba lagwani ba ne."

"To mene ne?"

"Lagwani mai yake sha, iska yake sha, ya ci kansa har ya ƙare. Wannan da zai ga iska da ya mutu kafin ki ƙifta ido. Ke 'yar rediyo, haka kuka yi ta zuba wa mutane da murya mai daɗi?"

"Abin da aka rubuta mana muke karantawa."

"To a goge. Zare ne. Zaren gawayi."

Sai da ya yi kusan minti biyu kafin ya gama waɗannan kalmomi, yana tsayawa yana share gefen baki. Amma tun da ya kwanta ban ji ya yi wa kowa tsiya ba sai ranar.

Asabar bayan Asabar ya ba ni labarin a gutsure, ni kuma na jera shi. Tun kafin a haifi kakanmu, in ji shi, masu bincike sun san in ka tura lantarki ta cikin siririn abu zai yi zafi har ya ba da haske. Matsalar ita ce me zai jure. Ƙarafan da suke da su narkewa suke yi. Gawayi ba ya narkewa, sai dai in ya yi ja a cikin iska cinyewa yake ya zama toka. Don haka sai a kulle shi a cikin gilashi a zuƙe iskar. An yi shekaru da yawa ana gwadawa ana faɗuwa, saboda famfunan lokacin ba sa zuƙe ta duka, kuma ɗan abin da ya rage ya isa ya kashe zaren. Sai da aka samu famfo mai aiki da zaiba, wadda ɗigonta yake gangarawa cikin bututu yana tura iskar waje kaɗan kaɗan, sannan abin ya fara yiwuwa. Tsinin da ke kan ƙwan, ta nan aka zuƙe iskar aka liƙe gilashin. Cibiya Yaya yake ce masa.

Mutum biyu ya fi ambata. Ɗaya Bature ne daga arewa maso gabashin Ingila, masanin haɗa sinadarai, wanda ya fara da ƙona siraran takardu, ya ajiye aikin, ya dawo bayan shekaru da zaren auduga da yake tsomawa a ruwan batir ya yi tauri kafin ya mai da shi gawayi. Daga baya ma ya gano yadda ake narkar da audugar ta zama kamar koko, a matso ta ta ƙaramin rami ta fito zare sumul. Ɗayan Ba'amurke ne mai ma'aikata da yawa, wanda ya gwada zaren ɗinki da kwali da abubuwa barkatai har ya tsaya a kan gorar Japan. Saura kaɗan su gwabza a kotu, sai suka ga gara su haɗa kamfani ɗaya a Ingila. Yaya yana bayan Baturen, saboda a cewarsa ya fi haƙuri kuma bai iya talla ba.

Akwai dabarar da ya fi so a ba shi dama ya bayyana. Zaren da aka ƙona ba ya fita daidai, wani wuri kauri wani wuri siriri, kuma siririn wurin ne yake fin zafi ya tsinke. Sai suka riƙa kunna shi a cikin tururin wani mai. Gawayin da ke cikin tururin yakan fi mannewa inda ya fi zafi, ya cike wurin har zaren ya daidaita. Sau uku ya ba ni wannan, ban ce masa ya taɓa faɗa ba.

Na tambaye shi me ya sa cikin wasu gilasan ya yi duhu kamar an shafa kunkunniya. Ya ce zaren ne yake ƙarewa a hankali yana mannewa a jikin gilashin, ƙwan yana tsufa haskensa yana raguwa. Daga baya aka samu ƙarfen da yake jure zafi, aka yi watsi da gawayi. A shekarun da nake magana shi ma ƙwan mai zaren ƙarfen ana janye shi daga kantuna, ana kawo masu farin haske da ba sa jan lantarki sosai. Yaya ya ce hasken asibiti ne, shi kuwa ya sha isasshe.

Wata Asabar cikin Satumba ina haɗa jaka ya ce, "Auta, garinku ai garin auduga ne. Ki samo min zare, na auduga zalla. Na nan garin duk da roba a ciki, narkewa yake yi."

"Me za ka yi da shi? Ɗinki za ka koya da hagu?"

"Ke dai kawo."

Da na tsaya na yi tunani da na san abin da zai yi da shi. Na gaji ne, kuma na ji daɗi yana son wani abu. Na shiga wani kantin yadi a titin Wilmslow, na sa mai kantin ya ƙona bakin zaren da ashana don in tabbatar. Ya yi toka bai dunƙule ba, na sayi ƙwarya biyu.

Ranar dubawar ta faɗo Laraba. A lokacin aikin tafinta nake yi a asibitocin Manchester, irin wanda ake kiran mutum in an buƙace shi, kuma kiran ya ragu sosai. Wanda ya ƙi zuwa sau ɗaya ba lallai a sake nemansa ba. Ranar ina da wata mai ciki da za a yi wa bayanin tiyata. Ofishin ya ce bai samu tafintan Hausa ba, in dangi za su iya to. 'Yarsa ta ɗauki hutun rabin rana ta je.

Bayan mako biyu ta kira ni da azahar, ina tsaye a tashar bas kusa da jami'a, motoci suna wucewa har ba na jin ta sosai.

"Gwaggo, takardar ta zo. Sun ce care home, gidan tsofaffi."

"Saboda me?"

"Sun ce yana cinna wuta a ɗakin baya. Gwaggo, shi ya faɗa, a gabana."

Na shige bakin wani kanti na ce ta faɗa min kalmominsa yadda ya faɗe su, kada ta juya ko ɗaya.

"Matar ta ce me yake yi da rana. Ya ce, ina shiga ɗakin baya in kunna wuta in zauna in dube ta. Ta ce yana kashewa? Ya ce wani lokaci barci yake ɗauke shi tana kunne."

"Ke kuma kika ce mata me?"

"Na ce fire. Wuta ai fire ce, Gwaggo."

Ban yi mata faɗa ba. A gidansu tun tana ƙarama "kashe light" ake ce mata, uwar da uban duka. Wuta ba ta taɓa jin ta ba sai a kicin, lokacin da ake janye hannunta daga tukunya, sai kuma a Islamiyya in ana maganar lahira. Mu da muka tashi a gida muna cewa an ɗauke wuta, an kawo wuta, ba ma jin ƙuna a cikin kalmar. Yaya yana zaune a wurin ya ji abin da ta ce. Ta ce ya ɗaga hannu yana ƙoƙarin magana, ita ta ɗauka gajiya ce, ta ce masa ya huta. Ma'aikaciyar ta leƙa ɗakin daga bakin ƙofa, ta ga wayoyi da gilasai masu baƙi a ciki, lokacinta ya cika, ta tafi.

Mako biyar na yi ina kiran ofishin. Lambar takan kai ni ga wata murya da aka naɗa, sai kiɗa, sai a ce wadda nake nema tana waje. Na rubuta wasiƙa mai shafi ɗaya, na bayyana cewa a Hausa kalma ɗaya ce take ɗauke da ma'anar biyu, na roƙi a sake zuwa ina nan. A tsakanin, 'yarsa ce take zuwa kafin aiki da bayan aiki, da jaririya a kujerar mota. Ta rame. Wata Asabar na same ta tana barci a kan matakalar bene da makulli a hannu. Yaya ya daina ba ni labarin ƙwayaye. In na kunna rikoda sai ya tambaye ni ko sun amsa.

Suka sa ranar Juma'a da hantsi, cikin Nuwamba. Ana yayyafi. Ma'aikaciyar tsarata ce, rigar ruwanta a jiƙe, jakarta cike da fayil. Ta cire takalmi ba a ce mata ba. Ta karɓi shayi ta riƙe kofin da hannu biyu, ta ce min a ofishinsu yanzu tebura sun fi mutane yawa, kuma tana da gidaje uku bayan namu kafin ta tashi.

Na yi mata bayanin kalmar kamar yadda na rubuta. Ta saurara, ta ce tana so ta gani da idonta. Muka shiga ɗakin baya mu huɗu. Yaya ya sa aka ja labule, ya zauna gaban allonsa, ya zaɓi wani ƙwai mai madauki biyu ya ce wa 'yarsa, "Mamana, ɗaura min. Hannun nan ya shiga yajin aiki." Ta ɗaura. Ya murza maɓallin da hagu a hankali. Da farko ba komai. Sai zaren ya yi ja kamar garwashin da aka hura, ya koma ruwan lemo, ya tsaya a wani rawaya mai laushi da bai kai kusurwar ɗakin ba. Ana iya kallonsa kai tsaye bai kashe ido ba.

"Wannan ya girmi kowa a layin nan," in ji shi. "Faɗa mata."

Na faɗa mata. Ta tambaya ko akwai haɗari in an bar shi a kunne. Ya nuna mata fis ɗin da ya sa, da wani ɗan agogo da yake yanke lantarkin da kansa bayan rabin awa.

"Ki ce mata yaran da suke duba wayoyin ofishinsu, ni na koya musu riƙe sukudireba."

Na faɗa yadda ya faɗa. Ta yi dariya, ta ciro rahoton ta ja layi a kan sakin layi guda. 'Yarsa ta juya baya tana goge ido da bakin mayafi.

Ma'aikaciyar ta ce saura kicin, don fom ɗin yana da gurbinsa. A kan tagar kicin akwai wani gwangwanin alewa mai murfi, ya yi baƙi ƙirin, an ɗaure shi da waya. Na sha ganinsa ban tambaya ba. Ta ce kalandar da ke rataye ta yi kusa da murhun gas, ta ɗaga ta don ta nuna mana. A ƙarƙashinta fentin bangon ya kumbura ya yi ruwan ƙasa, faɗin tafin hannu biyu. Ta tambaya me ya faru a nan.

Yaya yana jingine da ƙofa da sandarsa. Ni ya kalla.

"Zaren da kika kawo ne. Na lanƙwasa shi na jera a gwangwani, na rufe da garin gawayi yadda iska ba za ta shiga ba, na ɗora a kan wuta. Awanni yake so. Ran nan na zauna jira a falo, barci ya ɗauke ni. Tawul ɗin da ke gefe ya kama. Ƙarar abin jin hayaƙin nan na silin ce ta tashe ni, na kashe da ruwan buta." Ya numfasa. "Ba sai kin kwashe duka ba, Auta. Ki ce wuta, irin ta ɗazu. Ai kin riga kin koya mata."

Ma'aikaciyar tana jira da biro a hannu. 'Yarsa ta ji tawul, ta ji barci, ta ji buta, amma mako biyar ke nan tana ɗauke da laifin kalma ɗaya, ta daina yarda da kunnenta. Ta matso kusa da ni ta ce a hankali, "Gwaggo, wannan wutar wacce ce?"

Abin da ya nema ba mai wuya ba ne. In na juya kalmar, jimlar za ta fito a karkace amma za ta wuce, don matar ta gaji kuma ta riga ta yarda da ni. Na dubi tabon bangon. Na dubi nisan da ke tsakanin falo da kicin, wanda yake cin masa minti guda da sanda. Gidajen layin a manne suke da juna, kuma bayan bangon nan akwai maƙwabta masu yara uku.

"Ta murhu ce," na ce mata.

Sannan na juya na faɗa wa ma'aikaciyar da Turanci, jimla bayan jimla yadda ya jera su, har da cewa ni na sayo zaren. Abu ɗaya na bari, roƙon da ya yi min a ƙarshe. A ƙa'idar aikin tafinta shi ma ya kamata in faɗa. Ban faɗa ba.

Yaya ya saurara har na gama. Ya ce, "Madalla da labaran duniya." Ya juya ya koma falo, muna jin ƙarar sandar.

Ma'aikaciyar ta daɗe tana kallon murhun. Ta tambaya sau nawa hakan ta faru. Na je na tambaye shi, sai da 'yarsa ta durƙusa ta ce, "Abba, don Allah," sannan ya ɗaga yatsa ɗaya. Matar ta zauna a kujerar kicin ta cika shafi guda. Ta ce ga abin da za ta iya rubutawa ta kuma kare shi a gaban shugabarta: a toshe bututun gas na murhun gaba ɗaya, a bar na ɗumama gida, abinci a riƙa sa shi a injin ɗumamawa, wani mai lasisi ya zo ya duba allon ɗakin baya, masu taimako su riƙa zuwa safe da yamma, a sake dubawa bayan wata shida. In bai yarda da na murhun ba, ba ta da abin rubutawa sai shawarar farko.

Murhun nan matarsa ce ta zaɓe shi. A kansa yake dafa shayinsa da citta da kanumfari a tukunya tun da ta rasu, don ya ce na butar lantarki ruwan zafi ne kawai mai launi. Kuma bai gama da zaren ba. Na farko ya fito ya karye a hannunsa, na biyu shi ne na tawul. So yake ya ga wanda ya yi da kansa ya kama, ko na daƙiƙa biyar ne, a cikin wata kwalba da ya tanada.

Na tsuguna gaban kujerarsa na jera masa sharuɗɗan da Hausa.

"In na ƙi fa?"

"Gidan tsofaffi, Yaya."

"Ke kika jawo."

"Ni ce."

Matar ta dubi agogo. Sannan ya miƙa hannun hagu, aka ba shi biro, ya ja wani abu da bai yi kama da sa hannunsa ba. Maƙwabcin da yake kai shi masallaci ya yi hon a waje. 'Yarsa ta sa masa hula da rigar sanyi, ya fita bai yi min sallama ba.

Mai gas ya zo ranar Talata, ba na nan. Masu taimako suka fara zuwa makon da ya biyo, minti goma sha biyar kowane zuwa, yau wannan fuska gobe waccan. Da hannu yake nuna musu yawancin abin da yake so. 'Yarsa ta koma zuwa sau biyu a mako, ta ɗan murmure. Mai duba allon ya ce bai ga abin gyara ba, ya tsaya ya ɗauki hoton ƙwayayen a wayarsa. Gwangwanin ban san wanda ya jefar da shi ba.

Asabar uku Yaya bai yi min magana ba in ban da amsa gaisuwa. Nakan ɗumama masa tuwo da miyar kuka, ya gaya wa bango cewa gefe ya ƙone tsakiya da sanyi, ya cinye. Rikodar na daina fito da ita daga jaka. A ta huɗu ina wanke kwano ya ce daga falo, "Auta, kin yi furfura." Na ɗauki wannan a matsayin sulhu, ban nemi ƙari ba.

Wasiƙar wata shidan ta zo cikin Mayu, sanyi bai gama tafiya ba. Ya ajiye ta a rufe a kan tebur har na zo. Na buɗe na karanta a tsaye, ban ko cire riga ba. Za a ci gaba da tsarin yadda yake, sai dubawa ta gaba. Na faɗa masa da Hausa. Ya ce in sake, a hankali, kada in tsallake komai. Na sake. Ya ce in soke ta a bayan agogon bango, in kuma rufe ƙofar falo, ɗumin gidansa yana fita.